Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Lafiya: Damagaram na buƙatar likitocin da ke gyara jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa ba tare da an buɗe kai ba

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Mai girma Minista, ranku ya daɗe. Ni malamin makaranta ne a nan Zinder, kimiyyar halitta nake koyarwa. Ba likita ba ne ni. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata ƴar takarda da ke cikin akwatina, takardar magani ce wadda wani likita ya juya bayanta ya yi mini zane. Ya zana jijiyar jini kamar reshe mai rassa biyu, a daidai mararrabar ya ɗora wani ɗan ƙullutu kamar ƙwayar magarya. Ya nuna shi da bakin biro ya ce: «Malam, wannan ne ya fashe a kan yayanka. Ana toshe shi ta ciki. Amma ba a nan ba.»

Yayana baduku ne, a Birni yake aiki. Ranar Alhamis ce, ranar kasuwa, ana tsakiyar bazara. Yana zaune a rumfarsa da basilla a hannu yana ɗinkin wata jakar fata, sai yaransa suka ga ya saki aikin ya dafe ƙeya da hannu biyu. Abin da ya faɗa kawai shi ne: «Kaina ya tsage.» Ya yi amai, wuyansa ya ƙage, haske ya dame shi. Duk wanda ya girma a Damagaram ya san abin da zuciya ke rayawa idan wuya ya ƙage a watan zafi: sanƙarau. Wasu suka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau masa kai. Wata gwaggonmu ta ce iska ce, a kawo rubutu da hayaƙi. A haka kwana biyu suka tafi. Sai a rana ta uku aka yi masa hoton sikana, aka ga jini ya malala a kewayen ƙwaƙwalwa. A ranar ne aka yi mini zanen nan.

Ba na zargin likitan, Allah ya saka masa da alheri. Ya gaya mana gaskiya, ya ba da maganin da ke hannunsa, ya kwantar da shi a ɗaki mai duhu, ya ce a hana mutane damunsa da gaisuwa. Ya kuma gargaɗe mu cewa ƙullutun da ya fashe sau ɗaya yana iya sake fashewa, kuma na biyun ba ya yin sassauci. Muka shiga neman kuɗi. Aka sa filin gado a kasuwa, matarsa ta kwance ƴan kunnenta da warwaronta ta miƙa, abokan sana'arsa suka yi karo-karo, muka fara zaryar fasfo. Yayana kuwa ya farfaɗo, yana magana, yana shan kunu, har yana tambaya ko an kai wa mai jakar nan jakarsa. A rana ta goma sha ɗaya, bayan sallar asuba, ya sake dafe ƙeya. Kafin azahar an yi masa sutura.

Mun yarda da ƙaddara, ajali idan ya zo babu mai ƙara masa minti ɗaya. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya mana cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar mata da magani. Maganin cutar yayana yana nan a duniya tun kafin a haifi ƴaƴansa. Nisa ne ya shiga tsakani.

Bayan an share makoki na zauna na karanci abin, na kuma yi ta tambayar tsofaffin ɗalibaina da suka zama likitoci, har na gane aikin da ake nufi da «ta ciki». Ina so in bayyana shi a nan da Hausa, ba don ku ba ku sani ba, sai don mutanen da za su karanta wasiƙar nan tare da ku.

Jijiyoyin jini na jikin mutum hanya ɗaya ce mai rassa, daga zuciya har ƙwaƙwalwa har tafin ƙafa. Wanda ya shiga ta wata ƙofa yana iya isa ko'ina. Likita yakan huda babbar jijiyar gindin cinya, ko ta wuyan hannu, hujin da bai fi a rufe shi da ɗan filasta ba. Ya zura siririyar waya, ya bi ta da siririn bututu mai laushi da ake kira kateta, ya yi ta tura shi sama yana kallon tafiyarsa a allon na'urar hoto. Lokaci zuwa lokaci yana fesa wani ruwa mai bayyana a hoton radiyo, sai jijiyoyin su fito a allo kamar bishiyar kuka a lokacin rani, kowane reshe a fili. Haka zai bi ta wuya ya shiga cikin ƙoƙon kai, ba a aske gashi ba, ba a yanka ƙashi ba. Idan ya isa ƙullutun, wanda yake kamar inda tiyub ɗin keke ya yi rauni ya kumburo, sai ya cusa masa wani zare na ƙarfen filatinam mai laushi da ke nannaɗewa a ciki har ya cika shi. Jini ya daskare a kan zaren, ƙullutun ya toshe, jijiyar ta ci gaba da aikinta.

Wannan ba sabon abu ba ne da ake gwaji a kansa. Tun 1927 wani likita ɗan Fotugal, Egas Moniz, ya fara ɗaukar hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwar mai rai. Dabarar shiga jijiya da allura da waya, Sven Seldinger na Suwidin ne ya fito da ita a 1953, kuma da ita ake aiki har gobe. A shekarun 1970 Fedor Serbinenko a Mosko yana toshe jijiyoyin kai da ƴan ƙananan balan-balan. Zaren filatinam ɗin kuwa, Guido Guglielmi ɗan Italiya ne ya ƙirƙiro shi a Amurka, aka fara sa wa marasa lafiya a 1990. A 2002 aka fitar da sakamakon wani babban bincike kan mutum 2143 da ƙullutunsu ya fashe, aka kwatanta toshewa ta ciki da buɗe kai a matse ƙullutun da ɗan maƙalin ƙarfe. Bayan shekara ɗaya, waɗanda suka rasu ko suka naƙasa sun kai kusan 31 cikin 100 a ɓangaren buɗe kai, kusan 24 cikin 100 a ɓangaren toshewa ta ciki. Duka hanyoyin biyu suna da wurinsu, akwai ƙullutun da sai an buɗe. Amma ƙullutun da aka bari ba a taɓa ba, kusan ɗaya cikin biyar yakan sake fashewa a mako biyun farko. Yayana yana cikin wannan lissafi, kuma mu da muke ta neman mai sayen fili ba mu san cewa da kwanaki muke tsere ba.

Fashewar ƙullutu ma ba ita ce ta fi yawa ba. Wadda ta fi yawa ita ce wadda kowane gida a Zango da Sabon Gari da Garin Malam ya sani: shanyewar ɓarin jiki, abin da ma'aikatan asibiti ke ce wa AVC. Mutum yana alwala buta ta kuɓuce masa, baki ya karkace, magana ta sarƙe, hannu ya faɗi kamar ba nasa ba. Mafi yawan lokaci gudan jini ne ya toshe wata jijiya a ƙwaƙwalwa. Abin da ke bayan toshewar yakan fara mutuwa nan take. Masana sun ƙiyasta cewa idan babbar jijiya ce, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 ke lalacewa a kowane minti. Akwai allurar da ke narkar da gudan, amma sai cikin awa huɗu da rabi na farko, kuma sai an yi sikana an tabbatar ba zubar jini ba ce, domin idan zubar jini ce allurar kisa za ta yi. Manyan gudaje kuwa sau da yawa ba sa jin allurar. Su ne ake shiga da kateta a ciro: a buɗe wata ƴar raga a cikin gudan ta kama shi a jawo, ko a zuƙe shi da bututu. A 2015 bincike biyar daga ƙasashe daban-daban, na farkonsu a Holan kan mutum 500, suka nuna amfanin wannan aiki ƙarara. Da aka haɗa sakamakonsu aka ga 46 cikin 100 na waɗanda aka ciro wa gudan sun koma suna yi wa kansu hidima bayan wata uku, alhali a waɗanda ba a ciro wa ba kusan 27 ne. A 2018 aka ƙara gano cewa wasu marasa lafiya, idan hoto ya nuna akwai sauran ƙwaƙwalwar da za a ceta, ana iya yi musu har zuwa awa 24.

To, ranku ya daɗe, ku dubi taswira. Daga Zinder zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. Takeita, Tasawa, Maradi, Ƙonni, Dogon Dutsi, Dosso. Wanda ya taɓa raka mara lafiya a bayan ambulans a kan wannan hanya, yana riƙe da ledar ƙarin ruwa ana faɗawa ramuka, ya san yini guda ne cur. Wannan kuma ga mutumin cikin birni ke nan. Na Tanut, na Gure, na Tesker, sai ya fara cin rabin yini kafin ya ga Zinder ɗin. Ko da an gina mafi kyawun ɗakin aiki na duniya a Yamai, bawan Allah da buta ta kuɓuce wa a Magarya da asuba ba zai same shi a kan lokaci ba. A ƙidayar 2012 jihar Zinder ce ta fi kowace jiha yawan jama'a, mutum sama da miliyan uku da rabi, kuma Difa da wani yanki na Agadas nan suke kawo marasa lafiyarsu. Akwai cututtukan da ake iya tara masu su a kai babban birni. Wannan ba ta cikinsu, magani ne zai zo inda mutane suke.

Na san amsar da za a ba ni, domin abokaina ma sun ba ni ita a majalisa, kuma ba amsar banza ba ce. Suka ce: ƙasar da yara ke mutuwa da zazzaɓin cizon sauro da tamowa, mata ke rasa rai a wurin haihuwa, ina ita ina zaren filatinam? Na daɗe ina juya maganar. Idan aka ce in zaɓa tsakanin gidan sauro da maganin damina ga yara dubu da kuma na'ura ɗaya, yara zan zaɓa, ko da yayana yana da rai. Amma ban yarda cewa zaɓin haka yake ba. Da ma ƙasa tana kashe kuɗi a kan waɗannan cututtuka, sai dai a waje take kashe su, duk lokacin da aka fitar da wani zuwa Tunisiya ko Maroko ko Turkiyya ko Indiya. Talaka ma yana kashewa, nasa ya fi ciwo: fili, shanu, zinariyar mata. Sannan ga kuɗin da ba a rubutawa a kowane littafi, na magidancin da ya kwanta shekara bakwai ana juya shi, ɗiyarsa ta bar makaranta don jinya, shagonsa ya rufe.

Kuma ɗakin da ake wannan aiki ba na ƙwaƙwalwa kaɗai ba ne. Da na'urar nan ake buɗe jijiyar zuciya ga wanda zuciyarsa ta buga. Da ita ake toshe jijiyar mahaifa ga mai jegon da jini ya ƙi tsayawa, a ceci ranta a bar mata mahaifarta. Da ita ake buɗe jijiyar ƙafar mai ciwon suga kafin a kai ga yankewa. Ku dubi ƴan kabu-kabunmu da ke faɗuwa kullum ba hular kwano: akwai wanda bayan buguwar kai idonsa zai yi ja ya firfito, yana jin wata ƙara a kunnensa tana bin bugun zuciya, dare da rana. Jijiya ce ta yage a bayan ido tana zuba cikin wata, kuma ta ciki ake toshe ta kafin ido ya tafi. Akwai na gadon baya ma, wanda ya fi ba ni tausayi saboda yadda yake ɓoyewa. Dattijo ya fara jin ƙafafunsa suna nauyi, tafiya masallaci ta gagara, fitsari ya fara kuɓucewa. A ce tsufa ne, a ce sanyi ne, a ce sammu ne. A wasunsu wata ƴar mahaɗa ce da bai kamata ba ta samu tsakanin jijiyar da ke kai jini da mai mayar da shi, jini ya taru ya danne laka. Idan an gano da wuri, ana toshe mahaɗar da wani irin gam na likita ko a yi ƙaramar tiyata, ciwon ya tsaya, wasu ma ƙafa ta dawo. Idan an makara, sai keken guragu.

Ba zan ɓoye cewa aikin yana da haɗari ba. Kateta na iya huda jijiya, gudan jini na iya ɓallewa ya toshe wani wuri, ruwan hoton na iya wahalar da ƙoda. Shi ya sa ba na roƙon ku fara da sayen na'ura. Mun sha ganin na'ura mai tsada an kawo ta da kiɗa da jawabi, bayan wata shida ta zama wurin ajiye fayil saboda babu mai gyara ko babu kayan aiki. Da mutane za a fara. Hannun da ke tura waya a cikin jijiyar da ba ta fi kaurin tsinken tsintsiya ba, ba a yini ɗaya ake samunsa ba. Bayan mutum ya gama likitanci ya ƙware a fannin hoto ko ƙwaƙwalwa ko tiyatarta, sai ya ƙara shekaru yana koyo a ƙarƙashin gwani. Yayana yakan ce yaro sai ya ɓata fata goma kafin a ba shi ta mai kuɗi. A nan babu fatar ɓatawa, dole sai a inda gwanaye suke ake koyo. Muna da sashen koyar da likitanci a Jami'ar André Salifou, muna da Babban Asibitin Ƙasa na Zinder inda ɗalibai ke koyon aiki. A zaɓi matasa biyu ko uku daga cikinsu, a tura su da kuɗin gwamnati, da yarjejeniya a rubuce cewa nan za su dawo su yi aiki na wasu shekaru. Ba sai an je Turai ba: a Rabat akwai cibiyar da ke horar da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa na ƙasashen Afirka tun 2002, kuma ana wannan aikin na kateta a Maroko da Tunisiya da Masar da Afirka ta Kudu. A tura su tare da masu jinya da masu sarrafa na'ura da mai ba da maganin barci da injiniyan gyara, domin likita shi kaɗai ba ya aiki.

Kafin su dawo akwai aikin da ba ya jiran kowa. Sikana ta riƙa aiki dare da rana, da wuta mai tsayawa da ruwan hoto a ajiye, kada a ce wa mai shanyewar jiki ya dawo Litinin, kada kuma a ce sai an biya kafin a ɗauka. Rage kuɗin asibiti da aka yi a 2024 ya sauƙaƙa wa mutane da yawa, muna godiya. A ƙara da cewa hoton gaggawa na kai a fara yi, lissafi ya biyo baya. A ware gadaje kaɗan da ma'aikatan da aka horar musamman don waɗannan marasa lafiya, masu duba ko mutum na iya haɗiya kafin a ɗura masa kunu ya shige huhu, masu juya shi kada ya yi gyambo, masu tayar da shi motsa jiki da wuri. Wannan kaɗai an tabbatar yana rage mutuwa da naƙasa, ba tare da wata na'ura ba. Allurar narkar da gudan jini kuwa tana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2019.

Sai kuma mu kanmu. Kwana biyun da muka ɓata a kan yayana, rashin sani ne ya ci su. A sa gidajen rediyo su riƙa faɗa da Hausa da Barbarci da Fulatanci da Buzanci da Tubanci: baki ya karkace, hannu ya faɗi, magana ta sarƙe, ko ciwon kai ya sauko lokaci guda irin wanda mutum bai taɓa ji ba, to asibiti yanzu-yanzu, a kuma riƙe lokacin da abin ya fara. A zauna da limamai da malaman allo da wanzamai, domin wurinsu ake fara zuwa. Ba wanda ya ce a bar addu'a. A yi ta a cikin mota ana tafiya. Idan fadar Sarkin Damagaram ta sa baki, maganar za ta isa ƙauyen da takardar ma'aikata ba ta isa.

Tushen abin kuma hawan jini ne, tansiyo kamar yadda muke cewa. Wani babban bincike da aka yi a Gana da Najeriya, har da Kano da Zariya, wanda aka buga a 2018, ya nuna hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba a sabubban shanyewar jiki a yankinmu, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda abin ya sama zubar jini ce a ƙwaƙwalwa. Yayana bai taɓa auna jininsa ba sai a gadon da ya rasu a kai. Na'urar awo a kowane ƙaramin asibiti da ƙwayar da ba ta yankewa za su hana abin da kateta dubu ba za su gyara ba. Haka yaranmu masu amosanin jini, waɗanda jiki ke shanye musu tun suna firamare: a Kano, tafiyar ƴan awoyi daga nan, an nuna cewa ana iya auna gudun jinin kansu da ƙaramar na'ura a gane waɗanda ke cikin haɗari, a ba su maganin hidiroksiyuriya ya kare su. Jininmu ɗaya da su, abin da ya yiwu a can zai yiwu a nan.

Idan ranar sayen na'urar ta zo, ina roƙon a rubuta kuɗin gyaranta da na kateta da zare na shekaru a cikin takarda ɗaya da kuɗin sayenta, a kuma tsayar da farashin da baduku zai iya biya ba tare da an sayar da filin marayu ba.

Mai girma Minista, kowace 29 ga Oktoba duniya na tunawa da cutar shanyewar ɓarin jiki, ana maimaita cewa mutum ɗaya cikin huɗu na manya zai gamu da ita a rayuwarsa. Abin da nake roƙo shi ne kafin ranar ta zagayo, ma'aikatarku ta fito ta gaya wa mutanen Damagaram matasa nawa za a tura koyo, ina za su, kuma wace shekara za su dawo. A ajin da nake koyarwa bana akwai babbar ɗiyar yayana. Ita ce ta ɗaya a kimiyya, kuma ta karɓi takardar nan mai zanen reshe ta kwafe shi a bangon littafinta.

Allah ya yi muku jagora, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin makaranta
Unguwar Birni, Zinder